Hular Maganaɗisu ta Tsibiri

Ni na kawo labarin maganaɗisun nan Maradi da bakina, kuma har yau in na tuna sai in fara jin haushin kaina kafin in ji na kowa.

A lokacin ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin gidan likita cikin gari. Shekarun nan ne na bayan taron ƙasa, kowa ya samu bakin magana, jam'iyyu sun cika gari, kowace unguwa da irin tutarta. Cikin wannan hayaniya aka tura ni istaj, wato ƙarin horo, Faransa na ƴan watanni, a sashen masu ciwon jijiya da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye.

A can akwai wata likita, doguwa mai furfura, da ke aiki da wata na'ura sabuwa. Tana neman masu lafiya da za ta gwada a kansu don ta kwatanta da marasa lafiya, ni kuwa na ce ga ni. Ta zaunar da ni a kujera, ta manna mini ƴan wayoyi a gindin babban yatsana na dama, wayoyin suka tafi ga wani allo mai kama da talabijin. Sai ta ɗauko wani abu kamar zobba biyu manne da juna, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, da igiya mai kauri da ta haɗa shi da wani akwati mai nauyi. Ta ɗora shi a kaina ta gefen hagu, sama da kunne.

Ta ce, "Saki hannunka, kada ka yi komai."

Na saki. Na ji ƙas, kamar an ɗan ƙwanƙwasa mini kai da farce, sai babban yatsana na dama ya zabura. Ban motsa shi ba, ban ma yi niyyar motsa shi ba. Na dube shi kamar yatsan wani. Ta matsar da zobban kaɗan, ta sake, wannan karon wuyan hannuna ne ya lanƙwashe. Ta rage ƙarfin na'urar har ya zama yatsan ba ya amsawa, ta ce in ɗan matse shi kaɗan da kaina, ta sake bugawa da wannan ƙarfin, sai ga layin allon ya yi tsalle. Da ta ƙara ƙarfi ina matse da yatsan, bayan tsallen sai layin ya kwanta shiru na ɗan lokacin da ido ba ya kamawa, sa'an nan ya ci gaba da rawa.

Ta yi mini bayani a hankali. A saman ƙwaƙwalwa akwai wani yanki mai kama da ɗamara, daga kunne zuwa tsakar kai, shi ke ba gaɓoɓi umarnin motsi. Na hagu ke tafiyar da dama, na dama ke tafiyar da hagu, kuma kowace gaɓa da gurbinta. Akwatin nan yana sakin wuta mai ƙarfi cikin zobban a ƙiftawar ido, wutar ta haifar da maganaɗisu mai tashi ya faɗi nan take. Wannan tashi da faɗuwar ne ke ratsa ƙoƙon kai ya tada ƴar wuta a cikin jijiyoyin yankin, su kuma su aika saƙo ta ƙashin baya har zuwa yatsa. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya, irin wanda yara ke kama ƙusa da shi, ba ya sa yatsa ya motsa ko da zai kwana a kan mutum.

Washegari na ga ta gwada a kan wani tsoho da ɓarinsa na dama ya shanye. A gefen da ke lafiya hannu ya amsa nan da nan. A gefen da ya lalace sai da ta ƙara ƙarfi sosai kafin wani ɗan tsalle ya fito a allo, a makare. Ta yi murna, ta ce hanyar ba ta yanke duka ba. Na tambaye ta ko na'urar za ta warkar da shi. Ta girgiza kai ta ce, "Tambaya nake yi da ita, ba magani ba. Wata rana ƙila. Yanzu abin da zai taimake shi motsa hannun ne kullum, da kiyaye jininsa."

Na ji wannan da kunnena, na rubuta shi a littafina.

Da na dawo gida na tarar an ɓoye mini wata magana. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta faɗi a garkarsu ta Jiratawa mako uku kafin isowata. Ita da mijinta noman rani suke yi, albasa da tattasai, amma zogale shi ne nata na kanta. Ban taɓa ganin mai saurin zagar ganye kamarta ba. Takan kama reshe da hagu, ta ja da dama sau ɗaya, ganyen ya zube a tabarma, tana yi tana hira ba ta ko duba. Na same ta zaune a zaure, hannun nan na dama kwance a cinyarta kamar tsumma, bakinta ya ɗan karkace. Ƙafar ta fara dawowa, magana ma tana fita.

Ta ce, "Auta, ka ga yadda Allah ya yi da ni."

Na auna tansiyonta, wato ƙarfin bugun jini, ya hau ƙwarai. Na sa ta a kan magani, na koya wa mijinta yadda zai riƙa miƙe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga gwiwar hannun, ya juya kafaɗa, safe da yamma. Mutum ne mai haƙuri, ya koya da kyau. Bayan ƴan makonni ɗan yatsanta manuni ya fara motsi da kansa, kaɗan, kamar mai kiran kaza. Na yi murna ƙwarai. Ita ba ta yi ba. Ta ce mi za ta yi da wannan, zogale ba ya zaguwa da yatsa guda.

A unguwarmu ta Zariya muna da fada da muke zama bayan la'asar, ana shayi ana gardamar siyasa. Kowa na son jin labarin Faransa, ni kuwa ina son bayarwa, ba zan ɓoye ba. Ran nan na ba su labarin na'urar. Na tashi tsaye, na nuna inda aka ɗora zobban, na kwaikwayi zaburar yatsana, aka yi ta dariya ana salati. Cikin masu saurare akwai wani da muka yi lakwal, makarantar boko, tare tun muna yara, mai gyaran rediyo ne a Tsibiri, yakan shigo gari sayen kayan aiki ya tsaya wurinmu. Ya fi ni ƙwaƙwalwa a aji, kowa ya sani, rashin gata ne ya fitar da shi. Shi kaɗai ya yi tambayoyi masu ma'ana. Wane gefe? Nisan yatsa nawa daga kunne? Ƙarar yaya take? Na ji daɗi na samu mai fahimta. Na yago takardar buhun siminti na zana masa kai, na zana ɗamarar, na rubuta hannu, fuska, ƙafa, kowanne a gurbinsa. Ya ninke ya sa aljihu. Na tabbata na faɗi cewa ba magani ba ce. Na faɗa sau ɗaya, a ƙarshe, lokacin da ake raba shayi na uku kowa na surutu.

Daga nan yajin aiki ya tashi. Ina cikin shugabannin sandika, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan lafiya, yau taro, gobe Yamai, jibi jerin gwano. Darajar kuɗin sefa ta karye, magani ya yi tsadar da talaka ke kallon ordinans, takardar sayen magani, ya ninke ya koma gida. Gidan likitarmu a rufe yake sai ga wanda rai ke hannun Allah. Na yi wajen wata biyu ban taka Jiratawa ba. Ina aika gaisuwa, ana aiko mini da cewa da sauƙi.

Wata safiya ina gaban gida sai ga mota mai lasifika tana tafe a hankali, irin wadda ke shelar mitin, wato gangamin wata jam'iyya. Wannan karon ba mitin take shela ba. Muryar na cewa masu shanyewar hannu da ƙafa su zo Tsibiri, ga hular maganaɗisu irin ta Turai, hannun da ya mutu yana tashi a gaban idon kowa, kuma wani babban majo na Maradi da ya je Faransa ya gani da idonsa ya shaida. Ban ji ƙarshen shelar ba. Na shiga ciki na ɗauki makullin babur, matata na tambayata lafiya, na tada babur na fita.

Na fara zuwa Jiratawa. Yaya ba ta nan, mijinta ma ba ya nan. Maƙwabciya ta ce ai yau ranar hula ce, sun tahi Tsibiri tun da sassafe, sau biyu suke zuwa a mako. Na shiga ɗakin Yaya. Maganin tansiyon da na bar mata yana cikin kwanon sha a kan taga, ba a sha ko rabinsa ba.

A Tsibiri ban sha wahalar neman wurin ba. Shagon gyaran rediyon ya zama rumfa babba, an shimfiɗa tabarmi, amalanken shanu da na jakuna sun yi layi a bakin hanya. Tsofaffi maza da mata, wasu an ɗauko su daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, suna kwance cikin rana suna jira. A bangon shagon, cikin gilashi kamar takardar shaidar makaranta, ga zanena na takardar siminti, da rubutun hannuna.

Yaya na kan kujera lokacin da na shiga. An kifa mata hular kwano ta masu babur, an ɗaure mata damtsen hannu ƙasa da gwiwa da wata ɗamarar fata, an rufe da farin ƙyalle. Abokin nawa, cikin farar riga irin tamu, ya danna wani maɓalli a kan akwati. Aka ji ƙas. Yatsun Yaya duka biyar suka dunƙule suka buɗe. Jama'a suka yi kabbara. Ita kuwa fuskarta, ban ga ta yi haske haka ba tun da na dawo.

Ya gan ni, bai ko razana ba. Ya ce, "Jama'a, ga majon da nike gaya muku. Majo, bismilla, ka zo ka ga aikinka."

Na ce, "Na zo. A sa mini ni ma."

Bai so ba, amma idon mutane na kansa. Aka tada Yaya, na zauna. Hular na da nauyi. Na laluba cikinta da hannu, na ji maganaɗisun lasifikar rediyo guda huɗu an liƙe su da roba, babu waya ko ɗaya da ta shiga hular. Ya ɗaura mini ɗamarar, na ji sanyin ƙarfe biyu a fatata. Ya danna. Wuta ta fizge ni daga gwiwa zuwa yatsu, hannuna ya dunƙule. A kaina ban ji komai ba.

Na cire hular na ajiye ta a kan tebur, nesa da ni. Na ce, "Sake dannawa."

Ya ce, "Ba a yi babu hula, da haɗari."

Na miƙa hannun hagu na danna da kaina. Ƙas, yatsuna suka dunƙule, hula na can kan tebur. Na sake, na sake, har sau huɗu, don na baya su gani. Na yaye farin ƙyallen, na jawo wayoyin da ke bin ƙafar kujera, na buɗe akwatin. Batir ne na mota da bobin ɗin babur, abin nan mai ƙara ƙarfin wuta. Na juya ga mutane na ce musu wannan wuta ce ake sa wa naman hannu kai tsaye, ko akuyar da aka yanka yanzu aka sa wa za ta motsa. Na ce ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ba, ba ta gyara komai ba, kuma ni ban taɓa shaidar wannan abu ba.

Na zaci za su tashi su kama shi. Ba wanda ya motsa. Wani tsoho da ke kwance a tabarma ya ce, "To kai ɗan nan, mu koma ina?"

Abokin nawa ya cire farar rigar a hankali ya rataye. Ya ce, "Ka amsa mishi mana, Majo. Likitarku a buɗe take? Kun kulle kun tahi Yamai kuna ihu. Mutanen nan sun zo wurinku sun tarar da kwaɗo a ƙofa. Ni na buɗe tawa. Kai ka hau jirgi ka ga abu, ka dawo mana da labari. Labari za su sha?"

Na ce, "Kai ka ce su bar shan magani?"

Ya ce, "Na ce ƙwaya na rage ƙarfin maganaɗisu. Da yawansu dama ba su iya sayenta. Na sauƙaƙa musu."

Ban taɓa dukan mutum ba tun da na girma, ranar ma ban doke shi ba, amma sai da mijin Yaya ya riƙe ni ta baya. Na ciro zanena daga bango, gilashin ya faɗi ya fashe, na yayyaga takardar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ya san gaskiya ce, ya ɗauke ta ya yi garkuwa da ita a gaban mutanen da yake cuta. Ya fi kowa a rumfar nan sanin cewa hular banza ce. Shi ya liƙa ta.

Na ɗauki Yaya a babur, mijinta ya biyo mu a motar haya. Muka isa Jiratawa. A zaure na auna tansiyonta, ya fi na ranar farko hawa. Na kama hannun. Yatsun sun lanƙwashe sun ƙage cikin tafin, gwiwar ta yi tauri, manunin da ya fara motsi ya daina. A damtsen akwai tabon ƙuna guda biyu. Mijinta ya sunkuyar da kai ya ce tun da aka fara hula suka bar miƙe yatsu, an ce musu hula ta ɗauke wannan wahalar.

Na ce, "Yaya, don mi ba ki aiko an tambaye ni ba?"

Ta ce, "An ce kai ka kawo ta. In tambaye ka mi?" Sa'an nan ta ce, "Sau biyu a mako ina ganin hannuna shina motsi, Auta. Yau ka zo ka karɓe. Mi ka kawo mini a madadinsa?"

Na ce mata na kawo ƙwaya da miƙe yatsu. Ta juya fuska ga bango.

Na rubuta ƙara na kai wani ofishi da ya kamata ya hana irin wannan. Wanda na samu ya karanta, ya ce ai ni ina yajin aiki, da wace riga na zo? Na koma sau uku. A na ukun ya rufe ƙofa ya gaya mini a hankali cewa motar lasifikar nan ta wani babban ɗan kasuwa ce mai riƙe da jam'iyya a yankin, kuma mai hular yana tara masa jama'a, zaɓe kuwa ya matso. Ya ce in yi haƙuri, yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa da ƴancinsa. Na fito ina jin kamar in tsaya tsakiyar titi in yi ihu. Mun yi jerin gwano don wannan kalma, an watsa mana hayaƙi mai sa hawaye saboda ita, ga shi an miƙo mini ita don in yi shiru a bar tsofaffi kwance cikin rana.

Rumfar ta ci gaba har bayan damina. Mutane sun ragu bayan zuwana, sa'an nan suka ƙaru. Da yajin aiki ya ƙare muka buɗe, na karɓi mutum uku da na gane fuskarsu daga tabarmin Tsibiri, duka ciwon ya sake bugunsu bayan sun bar magani. Ɗaya bai kai sati ba. Ba hukuma ce ta rufe rumfar ba. Sojoji ne suka karɓi mulki, ɗan kasuwar ya ƙetare iyaka na ɗan lokaci, motar lasifika ta daina fita, mai hular ya kwashe kayansa shi ma ya bi.

Yaya ta koma shan magani, don mijinta ya tsaya a kanta. Kowace Lahadi ina zuwa, mu zauna a zaure ina miƙe yatsun tana cije baki. Mun samu gwiwar ta saki, kafaɗar ta daina ciwo, amma yatsun ba su sake buɗewa da kansu ba. Ba zan iya rantsuwa cewa da ba a yi asarar watannin nan ba da hannun ya dawo. Ba wanda zai iya. Na dai san watannin farko su ne masu tsada a wannan ciwo, kuma an cinye mata su a kan kujerar mai gyaran rediyo. Ta koyi girki da hagu, ta koyi ɗaura zane da hagu da haƙori. Ta yi shekara tara a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta daina yi mini fushi tun a shekarar farko, har takan yi mini tsiya cewa na fi ta ɗaure fuska alhali ita ke da ciwon.

Daga baya na karanta cewa likitoci a can sun ci gaba da aikin na'urar gaskiya, suna bugawa a jere don su ɗaga kuzarin yankin motsin ko su kwantar da shi na ɗan lokaci, suna duba ko hakan zai taimaka wa masu koyon motsa hannu. Na karanta a hankali har ƙarshe, ban gaya wa kowa ba.

Mai hular kuwa ya dawo tuntuni. Yana da babban shago na wayoyin hannu a kan hanyar kasuwa, ya je Makka, ana kiransa ana ba shi wuri a sahun gaba. In zan je kasuwa nakan bi ta bayan tasha, ko da yake hanyar ta fi nisa kuma gwiwoyina sun fara ciwo. Matata ta ce shekaruna sun wuce wannan riƙo, in bar shi da Allah. Na ce mata na sani.